Ba Ta Ƙara C

Sau biyu ƙanwata Sa'ida tana faɗuwa kwas guda a kwaleji. Sunansa intigiral kalkulas. Dokar makarantarsu ita ce, wanda ya faɗi sau uku sai ya bar sashen lissafi, ko ya koma wani sashen ya faro daga tushe, ko ya dawo gida. Sa'ida ba ta son wani sashen. Tun tana firamare take cewa malamar lissafi za ta zama, har 'yan lungunmu na Jakara suka fara kiranta Malama tun ba ta iya ɗaura ɗankwali ba.

Dawowa gida kuwa ni na san shi. A aji ɗaya na babbar sakandare na dawo. Ba wanda ya kore ni, zaman benci ne ya ishe ni. Daga nan na yi gyaran waya, na tuƙa adaidaita sahu, na zauna a rumfar Baba a kasuwar Kurmi ina yanka fata, na yi kiwon tattabaru har suka tare a gidan maƙwabta. Lokacin da wannan abu ya faru ina tsakanin wata sana'a da wata. Baba yana kiran wannan zaman banza.

Shi ya sa aka ba ni aikin riƙe littafi.

Littafin Sa'ida yana da amsoshi a can baya. Ta ce in ita ta riƙe, idonta zai leƙa ko ba ta aike shi ba. Don haka kullum bayan la'asar sai mu shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwafi tambayoyi a takarda, ta miƙo mini littafin. Ita ta yi aiki, ni in duba baya in ce ya yi ko bai yi ba. Ba sai na gane komai ba. In zanen da ke takardarta ya yi kama da zanen da ke littafi, shi ke nan.

Amma mutum ba ya zama kusa da tanderu ya ƙi jin ɗumi. A hankali na gane kwas ɗin dabaru ne 'yan kaɗan. Akwai ƙa'idojin da sai an haddace su, babu wata hanya. Akwai dabarar musanya: a ɗauki wani dogon abu mai wuyar sha'ani a raɗa masa gajeren suna, a ce harafin u, a yi ta aiki da shi haka, in an gama a mayar masa da sunansa na yanka. Na ce mata ai haka muke yi da Ɗantani mai shayi, ba wanda ya san sunansa na gaskiya sai ranar ɗaurin aurensa. Akwai wata da ake raba abu gida biyu, a sassauta ɗaya a ɗaure ɗaya. Ta faɗi sunanta da Turanci, ni dai baifas na ji, kuma tunda an ce ana bin ta ne in hanyar cikin gari ta cushe, ban ga dalilin canza mata suna ba. Akwai ta farfasa babban firakshan zuwa ƙanana. Akwai kuma wasu 'yan biyu da ake kira sayin da kos, waɗanda kowanne yana iya sa rigar ɗan'uwansa ya fito.

Sa'ida ta ce iya dabarun ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce ka kalli tambaya ka san wacce za ka ɗauko. Kuma ta iya. Za ta tsura wa tambaya ido kamar mai sayen atamfa, can sai ta ce, "Wannan baifas ce," ta duƙa.

Matsalarta a ƙarshen layi take. Kowace amsa a littafin nan tana ƙarewa da alamar tarawa da wani harafi, C. A takardar Sa'ida babu shi.

"Ya yi?" in ji ta.

"Ya yi. Saura C."

"Na sani ai."

"Ba ki rubuta ba."

"Yana raina, Yaya."

"Malamin naku rai yake dubawa?"

Ba rai yake dubawa ba. Malam Ashafa, mai koyar da kwas ɗin, ya ce amsar da ba C rabin amsa ce, kuma rabin maki yake ba ta. Duka faɗuwar Sa'ida biyu a bakin gaɓa ta yi su. Da ta sa harafin nan ko a rabin wuraren, da tuni an wuce wurin.

Na tambaye ta mene ne amfaninsa, tunda ba lamba ba ne.

Ta ajiye biro. "Lokacin da kake tuƙa adaidaita, in na faɗa maka irin gudun da keke ya yi tun safe, za ka iya sanin nisan da ya ci?"

"Zan kwatanta."

"Za ka iya sanin inda ya tsaya?"

"Sai na san inda ya taso."

"To shi ne C. Inda ya taso. Ba a faɗa maka ba, kai kuma ba ka da ikon cewa babu shi, sai ka bar masa wuri."

Na ce to ta bar masa wurin mana. Ta ce in ta kai ƙarshen tambaya hankalinta ya riga ya tafi ta gaba. Wannan kuwa ciwon gidanmu ne.

Kakarmu 'Yardada, mahaifiyar Baba, ita ce babba a gidan. Kowa 'Yardada yake ce mata, har Baban. Kunnenta na hagu ya daɗe da ajiye aiki, na dama kuma yana zaɓen abin da zai ji. Wata Juma'a ta ce in raka ta Madabo ta yi wa aminiyarta Mero sannu da dawowa daga Umara. Mero kuwa ita ta haifi Malam Ashafa. Muna zaune ana raba dabino da zamzam sai ga shi ya shigo gaida mahaifiyarsa. Ya durƙusa ya gaida 'Yardada, ta ɓangaren hagu.

"Ashafa," ta ce, "kai ne mai kayar mini da jika?"

"Hajiya, ba ni nake kayar da ita ba. Yarinyar tana da kai. Abu ɗaya ne, ba ta ƙara C."

Da Turanci ya faɗi harafin, wato si.

"Ba ta me?"

Ya ɗaga murya. "Ba ta ƙara C, Hajiya! Sai ta yi aiki mai kyau, ta zo ƙarshe, ta tashi haka nan."

'Yardada ta tafa hannu. "Mero, ban faɗa miki ba? Loma biyu ta tsame hannu! Yarinya kamar sillen kara. Ashe har malamai sun gani."

Malam Ashafa ya yi dariya, ya ɗauka barkwancin tsofaffi ne. Wayarsa ta yi ƙara, ya nemi izini ya fita.

A hanya na ce, "'Yardada, ba ci ya ce ba. C ya ce. Harafi ne na boko."

"Maigidan, kai da ka gudo daga makaranta, kai za ka fassara mini maganar malami?"

"Ina wurin ai."

"Ni ina Makka? Wanda bai ci ba, ta ina zai ci jarrabawa? Kalmar ma guda ce. Riƙe mini jakar nan."

Washegari aka fara. Da safe koko da ƙosai, sai a ƙara. Da rana ɗanwake, sai a ƙara. Mafi girma shi ne kwanon la'asar, wanda 'Yardada ta ce na karatu ne, dole ya sauka daidai lokacin da aka shimfiɗa tabarma. Jakara kuwa ba unguwar da za ka ce ana neman mai ciyarwa ba ce. Hassana mai gurasa, da tanderunta ke bayan katangarmu, ta ji labari ta ce jarrabawar Malama ta lungu ce gaba ɗaya. Kullum sai ta aiko da bandashe, gurasar nan da ta sha ƙuli da man gyaɗa da albasa. Wata rana alkubus ya biyo baya. Wata rana dambu. In an gama, fura.

Sa'ida ta ɗauki takarda ta je har ɗakin 'Yardada, ta zana harafin babba, ta ɓangaren dama ta zauna.

"Kin ga, wannan shi ne C. Shi Malam yake nufi."

'Yardada ta kawo takardar kusa da ido, ta juya ta. "Wannan ai gurasa ce aka gatsa."

"Harafi ne, 'Yardada."

"To ko shi an fara cinsa. Ke ce dai kika tsaya."

Muka kai ƙara wurin Baba. Ya saurare mu har ƙarshe yana goge takalminsa. Ya ce, "Uwata ce. In ta ce ci ne, ci ne." Ya tafi kasuwa.

Da farko abin dariya ne. Amma wanda ya cinye kwanon bandashe ya ɗora fura ba ya farfasa firakshan. Sa'ida za ta fara tambaya, ta raɗa wa abu suna u, kafin ta mayar masa da sunansa kanta ya kai tabarma. In na tashe ta sai ta kalli takardar kamar wani ne ya rubuta. Da muna yin shafi guda kafin magariba, sai muka koma tambaya biyu, uku. Jarrabawa kuma tana matsowa. Barin abincin ba zai yiwu ba, domin 'Yardada takan shiga ɗaki lazimi bayan la'asar, amma in ta fito kwanon take fara dubawa, kuma ta san bambancin kwanon da aka cinye da wanda aka juye wa kaji.

Wata rana na ɗago daga littafi na ga Sa'ida tana hawaye, leɓenta yana ƙyallin man gyaɗa.

"Yaya, wallahi wannan karon ba C ne zai kayar da ni ba. Gurasar Hassana ce."

Na dubi kwanon. Na dubi takardar. A duk sana'o'in da na yi babu wadda na daɗe, amma kowacce ta koya mini cewa in kaya ya yi wa mutum ɗaya nauyi, ana neman na biyu.

Na ce, "Ga doka. Kwano ya dawo tsakiya. Duk tambayar da kika gama kika sa C, ni zan ci loma uku. Duk wadda kika manta, ke za ki ci. Ko ki ƙara C, ko ki ƙara ci."

Ta share ido. "Za ka iya?"

"Don ke, zan daure."

Ranar farko ita ta ci fiye da rabi. Tana kai ƙarshen layi ta ce, "Ya yi?" sai kawai in tura mata kwano da yatsa. Ta ce mugunta ce. Na ce doka ce. Rana ta biyu muka yi kunnen doki. Kafin mako ya zagayo, hannunta ya koyi abin da kanta ya ƙi koya. Tana rubuta amsa, biro zai ja alamar tarawa ya lanƙwasa C tun kafin ta ɗago. Barci ya tafi. Muka koma shafi guda, har da ɗori. Ta bi ta kan musanya, ta bi baifas, ta kama su sayin da kos ta tuɓe wa kowanne rigar aro.

Ni kuma na riƙe amana. Bandashe, alkubus, dambu, ban bar ko ɗaya ya koma ba. 'Yardada tana fitowa ta ga kwano fes, ta ce, "Yauwa 'yar albarka." Wandunana suka fara matse ni. Ɗantani mai shayi ya tambaye ni ko na samu aiki a banki.

Dab da jarrabawa muka shiga babi na ƙarshe, inda doguwar alamar nan mai kama da ƙugiya take ɗauke da lamba ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sa'ida ta ce waɗannan masu iyaka ne. An faɗa maka inda fasinja ya hau da inda ya sauka, nisan tsakani kawai ake nema, don haka C ba shi da aiki, yana shiga yana fita. Da su ake auna filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi. Amsarsu lamba ce tsura.

Ta yi ta farko. Na duba baya.

"Lambar ta yi. Amma kin sa C, a littafi babu."

"Na sani. Hannuna ne."

"To wa zai ci?"

Muka duba dokar. Dokar ta yi maganar wanda ya manta, ba ta yi maganar wanda ya zarce ba. Ta sa C, don haka lomar tawa ce. Na ci. Ta ce ranar jarrabawa za ta kula.

Ranar jarrabawa da safe 'Yardada ta biyo ta har zaure da ƙullin ƙosai. Sa'ida ta karɓa don a rabu lafiya. Mun kai bakin lungu muka jiyo muryarta a baya, yadda duk Jakara za ta shaida: "Sa'ida! Ki ƙara ci!" Hassana ta leƙo ta katanga ta ce amin.

Da azahar ta dawo. Ta ajiye jaka, ta zauna a bakin rijiya, ba ta cire hijabi ba.

"Yaya dai?" na ce.

"Na sa C."

"Alhamdu lillahi."

"A ko'ina."

"A ko'ina kamar yaya?"

"Har masu iyakar. Sai da aka karɓi takarda na tuna. Yaya, ina jin har a bayan lambar rajistata na sa."

"Yana rage maki a kan wannan?"

"Malam Ashafa ne fa."

Jiran sakamako ya yi tsawo. Sa'ida ta daina taɓa littafin. Wani lokaci sai in ga tana lissafi da yatsu, tana ƙirga tambayoyin da ke da iyaka da waɗanda ba su da ita, ta kai ƙarshe ta sake farowa. Ta fara tambayar Baba ko rumfarsa tana buƙatar mai zama. Baba ya ce rumfar ta ga abin da ya ishe ta, yana kallona. Kwanon la'asar bai daina zuwa ba, domin 'Yardada ta ce ba a sakin magani rana ɗaya. Sa'ida ba ta iya cin komai. Na ci gaba da daurewa.

Ranar da aka kafe sakamako ita kaɗai ta tafi, ta ce ba ta son rakiya. Ta dawo ta tsaya a tsakar gida. Ni da Baba da 'Yardada muna kallonta.

"Me aka samu?" in ji 'Yardada.

"C."

"Ci?"

Sa'ida ta buɗe baki, ta rufe. "E, 'Yardada. An ci."

Ba wanda ya gyara. Baba ya ce masha Allah ya shiga ɗaki, na ji yana fyace hanci. Sa'ida ta zauna a kan tabarma ta jawo kwanon da ke gabana, ta cinye bandashen tas, ba doka ba komai. Wannan ne karo na farko da na ga ta nemi ƙari da bakinta.

'Yardada ta ce dole a je Madabo a yi godiya. Muka tafi mu uku, da gurasa cikin leda. Muka tarar da Malam Ashafa a wurin mahaifiyarsa. Wannan karon ta dama ya durƙusa.

"Ashafa, Allah ya yi albarka. Maganarka muka bi."

"Ai ƙoƙarinta ne, Hajiya. Sai dai wannan karon C ɗin ne ya yi yawa. Da ba a zuba shi inda ba a buƙata ba, da sakamakon ya fi haka."

'Yardada ta ɗago kai. Ta dubi Sa'ida, wadda har yanzu iska mai ƙarfi za ta iya kaiwa unguwar Koki. Sannan ta juyo ta dube ni, daga kumatu zuwa inda maɓallin rigata yake fama.

"An zuba shi inda ba a buƙata," ta maimaita a hankali.

"Haka ne, Hajiya," in ji Malam Ashafa.

"Na gani."

Muka kamo hanyar gida, 'Yardada tana gaba. Sai da muka shiga zaure ta tsaya tana cire takalmi.

"Maigidan."

"Na'am."

"Cin jarrabawa guda yana cikinka, an biya da gurasar mutane. Ba zai tafi a banza ba. Sai ka je ka nemo jarrabawar da za ka ci da shi."

Na ce ai na bar makaranta da daɗewa. Ta juyo mini kunnen hagu.

Na kai ƙara wurin Baba. Ya ce uwarsa ce.

Yanzu kullum bayan la'asar muna shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ni ke da takarda da biro. Sa'ida ta samo littafin lissafin babbar sakandare, aji ɗaya, ta buɗe daidai babin da na tsaya, ita take riƙe da shi. Ta ce kada in ƙara ce mata Sa'ida a kan tabarmar nan, Malama zan ce. Hassana ba ta daina aiko da bandashe ba. Kwanon yana gefen Malama, a rufe, ta ɗora littafin a kan murfin. Tsohuwar doka tana nan: in amsa ta yi, mai riƙe da littafi ke ci.

Jiya na gama wata tambaya ta firakshan na miƙa mata. Ta duba baya, ta duba takardata.

"Ya yi?" na ce.

Ta ajiye takardar. Ta buɗe kwanon, ta ɗebi loma uku, ta mayar da murfi.